Ɗorawar Mahaifinmu Da Dajin Kakum

Ni mutumin Lafiyar Barebari ne, a nan aka haife ni, a nan kuma na yi aikin koyarwa shekara 35 har na ajiye alli. Duk tsawon wannan zamani babban ruwan da na sani shi ne Binuwai idan na je Makurɗi, sai kuwa ɗan koginmu na Amba da muka yi wanka a ciki muna yara. Na sha zana wa almajiraina taswirar Afirka ta Yamma a kan allo, in shafa shuɗin alli daga ƙasa in ce musu wannan shi ne Tekun Atalantika, alhali kuwa ni kaina ban taɓa sa shi a ido ba. Sai a watan Nuwamba na 2022 Allah Ya nufe ni da tafiya bakin tekun ƙasar Gana. Abin da na gano can, da yadda ya shafi wata magana ta gidanmu, shi na ke so in ba ku labari.

Bari in fara da maganar gidan. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya bar mana gona a kan hanyar Asakiyo, mu uku maza da ƙannenmu mata biyu, ba mu kuwa raba ta ba. A cikinta akwai ɗorawa 9, da kaɗanya 14, da ƙirya 6, waɗansu daga ciki ma sun girmi mahaifin namu. Ana nan sai wani dillalin gawayi ya kewaya gonar, ya ƙirga itatuwan, ya yi musu kuɗi a dunƙule. Yayanmu yana da 'ya'ya biyu a jami'a, ga kuma auren 'yarsa ya matso, saboda haka ya ce a sallama. Ƙanenmu ya bi bayansa, matan suka ce abin da muka yanke shi ke nan. Ni kaɗai na ce a dakata tukuna sai na komo daga tafiya. Gaskiya ban da wata hujja da zan kawo a lokacin, zuciyata ce kurum ba ta kwanta ba.

Dalilin tafiyar kuwa zumunta ce, wadda aka ce a ƙafa ta ke. Ƙanen kakanmu ya bi fatake neman goro tun zamanin da a ke kiran ƙasar Gwalkwas, ya zauna Kumasi, daga baya iyalinsa suka gangara bakin teku. A cikin 1969, da Gwamnatin Busiya ta kafa dokar korar baƙi marasa takardun zama, waɗansu 'ya'yansa suka komo Lafiya, waɗansu suka tsaya can. Ɗaya daga cikin waɗanda suka tsaya, wanda mu ke kira Baffa, shi ne ya aiko cewa zai aurar da jikanyarsa, lalle wani daga gida ya zo. Aka ce ni ne mai ritaya, ni zan tafi.

Ba zan gajiyar da ku da labarin hanya ba. Daga Lafiya na bi ta Abuja da Lakwaja na sauka Ikko, sa'an nan muka ƙetare iyaka uku, watau muka ratsa Kwatano da Lome muka shiga Gana ta Aflawo. Na kwana ɗaya a unguwar Nima ta Akkara, inda in ka rufe ido ka saurari hirar mutane sai ka ce a wata unguwar Kano ka ke. Kashegari na yi yamma, tafiyar kimanin kilomita 150, zuwa garin da Turawa suka sa wa suna Cape Coast. Masu garin, watau Fante, suna ce masa Oguwa, da wannan sunan kuwa zan riƙa kiransa don ya fi daɗi a bakin Bahaushe.

GA TEKU

Gidan Baffa yana zango, kusa da kasuwar Kotokuraba. Na tarar da shi tsoho tukuf, amma da ƙwarinsa, Hausarsa kuma garau, sai dai 'yan kalmomin Fante da ke faɗowa ciki. Bayan an gaisa an tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka daɗe da rasuwa bai sani ba, sai ya ce wa jikansa, "Kai Baffanka ya ga ruwa, tun da aka ce bai taɓa gani ba."

To, gani ya kori ji. Tun kafin mu iso na fara jin wani irin ruri kamar na hadari mai nisa, da ƙarnin kifi a cikin iska. Da muka ɓullo ta bayan wani gini sai ga shi shimfiɗe, ba tsallake, ba iyaka. Ni dai a zatona bakin teku rairayi ne lallausa kamar na Binuwai da rani. Ashe gaɓar Oguwa duwatsu ne baƙaƙe masu kaifi, igiyar ruwa ta taso daga nesa kamar garu, ta zo ta maka kanta a kansu, ta fashe ta zama farin kumfa, ta ja da baya, wata ta biyo. Na tsaya na fi rabin sa'a ban ce uffan ba. Shuɗin allin nan da na shekara 35 ina shafawa, ashe ban san abin da na ke koyarwa ba.

A kan waɗannan duwatsu ne aka kafa babban farin ginin nan da ya sa garin ya yi suna. Turawan Suwidin suka fara gina shi a 1653, daga baya ya koma hannun Ingilishi, garin kuma ya zama hedkwatar mulkinsu har 1877 da aka mai da ita Akkara. Can yamma kaɗan, tafiyar da ba ta kai rabin sa'a ba a mota, ga na garin Elmina, wanda Turawan Fotugal suka gina a 1482, mutanen Holan suka ƙwace a 1637, Ingilishi suka karɓa a 1872. Na shiga duka biyu. Na sauka cikin kurkukun ƙarƙashin ƙasa inda a ke tara bayi kafin jirgi ya zo, na ga 'yar ƙofar da in an fita ta cikinta ba a komowa. Ban iya ɗora wa Turawa laifin su kaɗai ba, domin na san kasuwar Salaga da kakanninmu ke zuwa sayen goro, ba goro kaɗai a ke sayarwa a cikinta ba. Na fito jikina a sanyaye.

Sauran kwanakin biki kuwa ba a cewa komai. Da safe ga mai koko da ƙosai, su kansu Fante suna layi suna cewa a ba su kokon Hausa. Shinkafa da wake da a ke dafawa da karan dawa, duk Gana sunanta wace, watau dai waken namu ne bakinsu ya juya. Tuwon zafi ma da sunansa na Hausa a ke kiransa. Fatake da tsofaffin sojan da Turawa suka ɗebo daga Arewa, su suka kafa zangunan nan, ga shi har tukunyar masu gari sun shiga.

RANAR DA TEKU KE HUTAWA

Ran Talata na koma Elmina don in sayo wa matar Baffa kifi, sai na tarar da abin mamaki. Ɗaruruwan jiragen masunta, masu fenti ja da kore da ruwan ɗorawa, duk suna ɗaure a bakin tafkin Benya, maza na zaune a inuwa suna ɗinkin taru. Da na komo na tambayi Baffa, sai ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ai yau Talata. Masuntan ƙasar nan ba su shiga teku ran Talata tun kaka da kakanni. Su suna cewa ranar ta mai ruwan ce. Mu Musulmi ba mu yarda da wannan ba, amma na shekara fiye da tamanin a garin nan, na ga amfanin abin. Taru ya sami gyara, mutum ya huta, kifi ma ya huta."

Na tambayi jikansa wane irin itace ne a ke sassaƙa waɗannan manyan jirage da shi, domin na lura gindin kowane jirgi gungume ɗaya ne. Ya ce sunan itacen wawa. Na ce kai yaro, ban da zagi. Ya rantse mini haka sunansa ya ke da harshen ƙasar, a can cikin kurmi a ke sare shi a fafe, sa'an nan a ɗauko a mota a kawo bakin teku. Muka yi ta dariya, amma maganar ta zauna mini. Ashe mai su a tsakiyar teku ma a kan itacen daji ya ke zaune. Ran da wawa ya ƙare a kurmi, masu wayon bakin teku sun shiga uku.

Jin haka Baffa ya ce tun da ina son labarin itace, kada in tafi ban je Kakum ba.

A CIKIN KURMI

Gandun Dajin Ƙasa na Kakum yana arewa da Oguwa, tafiyar kimanin kilomita 30. Muka shiga ƙaramar motar haya, muka bi ta cikin gonakin koko da kwakwar manja da ayaba, har muka sauka kusa da ƙauyen Abrafo inda ƙofar shiga ta ke. Faɗin dajin ya haura murabba'in kilomita 350. Wani ma'aikacin daji mai koren kaya ya tara mu, mu wajen ashirin, da 'yan makaranta da Turawa da baƙaƙen fatar Amurka masu neman asalinsu, ya shige gaba muka bi shi.

Da farko sai an hau wani tudu mai tsayi, a kan matakalar duwatsu masu santsi. Ni da na saba da sararin ƙasarmu inda za ka hango mutum tun daga nesa, sai na ji kamar an rufe ni cikin ɗaki. Rana ba ta isowa ƙasa sai ɗigo-ɗigo. Iska a jiƙe ta ke, kafin mu kai rabi riga ta manne mini a baya. Ga rimi wanda mutum goma ba su kewaye gindinsa da hannu, saiwoyinsa sun tashi kamar bangon ɗaki. Ga loko, ga 'yan'uwan maɗacinmu, sun miƙe sambal ba reshe sai can sama. Malam-buɗe-littafi kuwa iri-iri, har da waɗanda faɗinsu ya kusa tafin hannu.

Abin da ke jawo baƙi wurin shi ne gadar igiya da aka ɗaura a saman itatuwa, wadda aka buɗe a 1995, aikin waɗansu ƙwararru biyu daga Kanada tare da 'yan ƙasa. Gada bakwai ce a jere, daga wannan itace zuwa wancan, tsawonsu gaba ɗaya wajen mita 350, a wani wuri kuma tsakaninka da ƙasa ya kusa mita 40. Inda za ka taka ɗan katako ne da bai fi faɗin sawu biyu ba, hagu da dama raga ce ta kawo ƙirji. Da na sa ƙafa abin ya yi lilo, sai na ji gwiwata ta saki, na ce a raina me ya kai tsoho wannan rigima? Amma 'yan mata 'yan makaranta suna bayana suna jira, malami kuwa ba ya ja da baya a gaban almajirai. Na yi bisimilla na kama igiya. Da na kai dandamali na uku tsoro ya sake ni, na ɗaga kai. Ko'ina ka duba ganye ne, tudu bayan tudu, hazo na tashi daga tsakaninsu kamar hayaƙin girki, manyan tsuntsaye dangin cilakowa suna ratsawa ta ƙarƙashin ƙafata. A nan na ga teku na biyu.

Akwai giwaye a dajin, irin ƙananan nan na kurmi, da birai iri-iri, da tsuntsaye fiye da iri 250. Giwa dai ban gan ta ba, ma'aikacin ya ce ba ta son hayaniya, tana can ciki. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai bayanin da ya yi mana ne a kan asalin wurin. Ya ce a 1931 aka fara keɓe dajin, ba don baƙi ba, ba kuma don giwa ba, sai don ruwa. Kogin Kakum daga nan ya ke tasowa, shi ne kuma a ke tarewa a Birimsu a tace a tura wa Oguwa da garuruwan kewaye. Duk da haka an yi ta saran katako a ciki har 1989 da aka hana, sa'an nan a 1992 aka mai da shi gandun daji na ƙasa.

Wannan darasi ne da na sha koyarwa a aji, amma sai ran nan na fahimce shi. Ruwan sama in ya sauko a kan daji, ganye ke fara tare shi ya rage masa ƙarfi. Busasshen ganyen da ya taru a ƙasa ya shanye shi kamar soso, saiwoyi su riƙe ƙasa kada ta zaizaye, ruwan ya nutse a hankali, ya riƙa tsattsafowa cikin rafi har tsakiyar rani. In aka sare dajin kuwa, ruwan wata shida sai ya wuce a kwana ɗaya, ya tafi da ƙasar noma, ya bar kwazazzabo. Watau ruwan da na yi alwala da shi da asuba a famfon gidan Baffa, daga gindin itatuwan nan ya fito. Can yamma da Elmina kuwa ga kogin Pra, wanda masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba suka mai da ruwansa kamar kunun kanwa. Koguna biyu a ƙasa ɗaya, bambancinsu abin da aka yi wa mafarinsu da gaɓarsu.

Kada mai karatu ya zaci abin duk daɗi ne. A bakin hanya na sayi zuma wurin wani manomi, jikan Baffa na yi mana tafinta. Ya ce mini ubansa maharbi ne, shi kuwa yanzu ko katantanwa ba shi da ikon ɗauka a dajin. In amfanin gona ya nuna giwaye kan fito da dare su tattake rogo da ayaba, sai sun shafa barkono da baƙin mai a tsumma sun rataya a igiya kewaye da gona, don giwa ba ta son yaji. Na ce to, da za a ba ka zaɓi, a sare dajin? Ya yi shiru, sa'an nan ya ce a'a, don ƙudan zumansa can su ke kiwo, ɗansa kuma yana aiki a ƙofar shiga. Ashe tsare daji yana da tsada, talaka na kusa da shi kuwa shi ke fara biya.

KOMOWA GIDA

Tun daga Akwanga na fara cin karo da manyan motoci shaƙe da buhunan gawayi sun nufi Abuja. Na sha ganinsu a da, amma ban taɓa ƙirga su da itace ba sai ran nan. Na tuna kuma yadda aka yi wa madobiya a 'yan shekarun baya, aka yi ta yanka ta ana lodawa zuwa ƙasar Sin har ta yi wuyar gani.

Bayan na huta muka zauna a zauren Yaya. Na kwashe labari na ba su. Yaya ya saurara har na gama, sa'an nan ya ce, "Malam, ka ga abin kallo, madalla. Amma su can Turawa ke biyan kuɗi su kalli itace. Wa zai biya ya kalli ɗorawarmu? Ni kuɗin makaranta a ke bi na."

Na ce, "Yaya, gaskiyarka, mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Amma a kira Inna a tambaye ta."

Inna ita ce matar mahaifinmu da ta rage. Da aka gaya mata abin da a ke ciki sai ta ce ita ba wanda ya shawarce ta. Ta shiga lissafa mana, mu maza muna zaune kamar 'yan aji ɗaya: kalwar da ta ke samu kowace bazara, daddawar da ta ke kaiwa kasuwa, garin ɗorawa na yara, makubar daɓe, man kaɗen da a ke girki da shi a gidajenmu duka uku. Da shi ta ke sayen maganinta, da shi ta yi wa ƙannenmu kayan ɗaki, ba ta taɓa tambayarmu kwabo ba. Ta ce, "Ubanku ko reshen ɗorawa bai yarda a sara ba sai ya bushe. Kaɗanya tana shekara goma sha biyar ko ashirin kafin ta fara 'ya'ya. In kun sare, ni dai ba zan ga wata ba, ku ma da wuya."

Zauren ya yi tsit. Na ɗauki alƙalami na haɗa abin da ta faɗa, sai ga shi kuɗin dillalin bai wuce abin da itatuwan ke bayarwa a 'yan shekaru kaɗan ba, su kuwa bayarwa su ke yi kowace shekara. Amma lissafi ba ya biyan kuɗin makaranta a yau. Saboda haka muka tsai da shawara a kan a ba dillalin ƙirya biyu da suka riga suka bushe, ni in ranta wa Yaya daga ɗan abin da aka ba ni na sallamar aiki, ƙanenmu ya ɗauki nauyin gadon amarya. Ɗorawa da kaɗanya kuwa ba mai taɓa su. Ba zan ce Yaya ya tashi da farin ciki ba, ya yi sati biyu gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Maƙwabcinmu na gona kuwa ya sallama nasa duka, yanzu in ka tsaya a kan iyaka, gefe guda inuwa, gefe guda kututture.

Abin da ya fi ba ni kunya a cikin wannan al'amari shi ne sai da na ƙetare ƙasa uku kafin in ga abin da ke ƙofar gidana. Ga dajin Pandam a kan hanyar Shandam, kimanin kilomita 60 daga Lafiya, wanda aka keɓe tun 1972 muna Jihar Binuwai-Filato, da tafkinsa da aka sani da dorina da ayu. Har aka ba mu Jihar Nasarawa a 1996 ya zauna a ɓangaren Filato, ban taɓa kai almajiraina ko sau ɗaya ba. Ga dajin Marhai a ƙasar Wamba, ƙasar da ruwan nan na Farin Ruwa ke zubowa daga kan dutse. A 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince a mai da wurare goma gandayen daji na ƙasa, Pandam da Marhai suna ciki. Mu nawa ne a Lafiya muka ji wannan labari, balle mu tambayi inda aka kwana?

Ina roƙon 'yan'uwana malaman makaranta kada su yi irin tawa, su riƙa fita da yara su ga abin da su ke karantawa. Ina roƙon sarakunanmu da masu unguwanni su farfaɗo da tsohuwar al'adar nan ta hana saran itace mai 'ya'ya, hukuma kuma ta dubi abin da zai sauƙaƙa wa matan birni girki, domin muddin tukunya na neman gawayi gatari ba zai huta ba. Duk wanda dillali ya zo wa kuma, kafin ya karɓi kuɗi, ya shiga cikin gida ya tambayi tsohuwar da ke tsintar kalwa.

Da bazarar da ta biyo baya Inna ta aiko mini da daddawa, ta ce in kai wa Yaya rabi da hannuna. Na kai, ya karɓa, ya ce in zauna a kawo tuwo. Allah Ya bar zumunci, Ya sa mu bar wa na baya inuwar da muka tarar, amin.